Kwalbar da Donya Herlinda Ta Ƙi Cikawa

Kafin ƙararrawar coci ta kira masu ibadar safe, Donya Herlinda Barragan ta riga ta buɗe shagonta na magani a unguwarmu ta Zamora, ta share bakin titi, ta goge hotunan da ke jikin bango. Hotunan tsofaffin likitoci ne masu gemu, waɗanda suka kafa maganin homiyofati, wato wanda ake tsarmawa sosai kafin a ba mara lafiya, suka ƙetaro da shi teku, sai na mahaifinta a ƙarshe, wanda ya koya a hannun ɗalibansu. Su an cika littattafai da labarinsu. Ita kuwa shekara arba'in da ɗoriya tana goge musu ƙura, ba wanda ya taɓa rubuta ko layi ɗaya a kanta.

Daga nan sai aiki. Ta ɗiga ruwan magani a kwalba, ta tsarma, ta toshe, ta yi ta buga gindin kwalbar a kan matashin fatar da ta gada, wanda tsabar duka ta sa tsakiyarsa ta lotsa. Sannan ta jiƙa 'yan ƙwayoyin sukarin nan da muke ce wa cocito. Al'adar shagon ita ce kowa da kwalbarsa, in ta ƙare ka kawo a cika maka. Amma sai ka zauna a benci ka sha tambaya tukuna. Ya barci? Zafi ka fi so ko sanyi? Kun shirya da surukarka? Mai sauri dai ya shiga uku.

Ban zo rigimar ko cocito yana aiki ba. Likitocin asibiti sun ce sukari ne kawai, kakata kuma har ta koma ga Allah tana cewa su ne ba su san komai ba. Ni ranar da Herlinda ta ƙi bayar da shi ce ta kawo ni.

Otilia mai kunun masara a bakin kasuwa aminiyarta ce tun suna 'yan mata. Ita ta riƙe 'yar Herlinda ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna komadre, kuma ita ce da bakinta take ba kowa wannan labari. Wata rana ta zo da kwalbarta, ta jira benci ya watse, ta yi ƙasa da murya.

"Komadre, wani ɗan ƙullutu ne ya fito min a nono. Ba ya ciwo. Cika min, ban da surutu."

Herlinda ta ja ta bayan labule ta taɓa wurin. Ta san tun da mahaifiyar Otilia ta shiga asibiti ba ta fito ba, ko ta ƙofarsa Otilia ba ta bi. Ta kuma san in ta cika kwalbar nan, aminiyarta za ta koma gida hankali kwance, abin ya yi ta girma.

"Wannan ba na kwalba ba ne. Gobe mu je asibiti, ni zan raka ki."

"Su yanka ni kamar kaza? Ke ba mai magani ba ce? Ko masu gemun nan don ado kika rataye su?"

"Ki zage ni son ranki, komadre. Ba zan cika ba."

Otilia ta fizge kwalbarta ta fice. Ta daina gaishe ta, ta juya mata baya har a coci. Abin ya yi wa Herlinda ciwo ƙwarai, ta sha kuka a bayan kanta, amma ba ta sauka ba. Ta zaga sauran masu homiyofati na gari ta roƙe su, in Otilia ta kawo kwalba su turo mata ita. Kullum da safe kuma sai ta je rumfar kunu, ta sayi kofi guda, ta tsaya.

"Yau za mu je?"

"Matsa, kina tare min ciniki."

Haka suka yi ta yi har Otilia ta gaji, ta jefar da ludayi ta ce, "Mu je, ko na huta da ganin fuskar nan taki!" Aka yi mata aiki. Likita ya ce da an ƙara jinkiri, da labarin ya sha bamban.

Ke ce, Donya Herlinda, wadda ta san iyakar kwalbarta. Ke ce kika yarda aminiyarki ta tsane ki tana raye, da dai ki raka ta makabarta tana sonki.

Ranar Asabar da ta wuce ta ajiye aiki, don hannunta ya fara rawa saboda tsufa, ta miƙa wa 'yarta shago da matashin fata. Unguwa ta cika wurin. Sai ga Otilia da tukunyar kunu, ta zaro tsohuwar kwalbar nan daga jaka, babu komai a ciki tun waccan rana.

"To yau dai kya cika min?"

Herlinda ta nuna mata benci. "Ya barci?"

"Kamar jaririya."

"Cin abinci fa?"

"Dube ni da kyau, na yi kama da mai ƙin abinci?"

"To lafiyarki lau. Me zan ba ki?"

"Kun ji ta ko? Matar nan za ta mutu ba ta cika min kwalbar nan ba!"

Aka yi ta dariya. Otilia ta miƙe, ta ɗora kwalbar a ƙarƙashin hotunan masu gemu, ta ce a bar ta nan tare da su. Sannan ta rungume komadrenta, su biyun suna share hawaye.

Mun gode, Donya Herlinda, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Ku kuma masu riƙe da lafiyar mutane, ku yi koyi da ita, ku san ranar da za ku ce a'a. Wanda yake shakka ya je bakin kasuwa gobe da safe, zai tarar da Otilia tana zuba kunu.