Fayaman da Direbansa a Kajiji

Ana idar da sallar asuba muka bar Bodinga, ni da wani abokina mai mota, muka fara bi ta Dingyaɗi don mu ɗauki kawuna. Saƙo aka aiko masa daga wani ƙauye bayan Kajiji, cewa tsohon maigidansa na aikin reluwe yana kwance, ya daina gane mutane, kuma ya ƙi cin abinci. Mun tarar da Kawu a ƙofar gida zaune bisa tabarma, ya sha farar riga, yana mitar mun makara, alhali gari bai gama wayewa ba.

Lokacin kaka ne. Hagu da dama an sare gero an jera dammuna, a fadamu kuma ana gyaran bedin albasa. Titin ba laifi, sai dai ramukan da ke sa direba ya riƙa rawa da sitiyari. A Shagari muka tsaya karyawa wajen wata mai tuyar masa. Masar ta yi daɗi, amma ta ƙanƙance har Kawu ya tambayi mai tuyar ko a murfin kwalba take soyawa. Ita ma dariya ta yi, ta ce ya tambayi masu sayar da mai.

Ni na girma ina jin ana ce wa Kawu Fayaman, ban taɓa tambayar ma'anarsa ba sai ran nan. Ashe shi ne mai zuba kwal a wutar jirgi. Ƙasarmu ba ta da dogo, saboda haka da ƙuruciya ya tafi Gusau neman aiki, aka haɗa shi da wannan maigidan nasa, wanda shi ne direba, a wani ƙaramin kan jirgi mai tururi. Ya ce ba irin manyan nan ba ne masu jan taragon ruwa da kwal a baya. Shi tankunan ruwansa suna manne a kwiɓinsa kamar mangalar jaki, kuma aikinsa jera taragun gyaɗa da hatsi a tasha. Ba ya nisa, don ruwansa ba ya daɗewa.

Wata shekara ta yunwa, in ji Kawu, aka loda taragun gero da dawa za a kai Ƙauran Namoda, inda raƙuma ke jira su kwasa zuwa ƙauyuka. Babban kan jirgin ya lalace. Direban ya ce shi zai ja da ƙaramin. Suka yi ta tafiya a hankali har ruwa ya kusa ƙarewa a tsakiyar daji, kuma in tukunyar ta bushe tana iya fashewa da su. Direban ya yi ta busa usur har mutanen wani ƙauye suka fito. Da suka ji abin da ke cikin taragun, maza da mata suka yi layi daga rijiyoyinsu zuwa dogo, suna miƙa tuluna da ƙorai hannu zuwa hannu har tankunan suka cika. Su kansu mutanen yunwar tana cin su, amma ko buhu ɗaya ba su taɓa ba. Abokina ya rage gudu, muka shiga Kajiji.

Daga nan sai babur na kabu-kabu, don mota ba ta bin hanyar. Na zauna bayan Kawu na riƙe shi, yashi yana watsa mu, shanu suna tare mana hanya ba su ko damu ba.

Mun sami tsohon a zaure, ya rame sosai. Babbar 'yarsa ta gaya mana kullum maganarsa ɗaya ce, wai ba zai ci ba sai an kai kayan, mutane suna jira. Kawu ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi sunansa. Tsohon bai gane sunan ba. Sai Kawu ya matsa kusa da kunnensa.

"Maigida, fayaman naka ne."

Tsohon ya juyo. "Ina ka tsaya? Wuta ta yi ƙasa."

"Na ƙara mata, Maigida. Mun iso Ƙaura, an sabke hatsi duka."

"Duka?"

"Ko tsaba ba ta rage ba. Raƙuma sun tahi."

Ya daɗe yana kallon Kawu, sannan ya saki jiki ya ce alhamdulillahi. 'Yar ta miƙo kofin kunu. Kawu ne ya tallabo kansa, ya sha fiye da rabi. Ni dai fita na yi waje, don idona ya cika.

Bayan azahar muka juyo. Kawu ya yi barci tun daga Shagari, muka sauke shi Dingyaɗi, muka isa Bodinga kafin magariba. Washegari 'yar ta bugo waya ta ce Baba ya ci tuwo.

Na yi shekaru ina gaida Kawu a tsaitsaye in wuce kasuwa, ban san abin da hannayen nan suka yi ba. Ku da kuke da tsofaffi a gida, ku zauna ku tambaye su aikin da suka yi tun suna iya ba ku amsa.