Wayar da Ta Kira Baffa Ɓarawo

Shekarar da na yi wa wani kamfanin iri aikin rajistar manoma, an ba ni waya da igiyar ratayawa da dogon gargaɗi. Wayar ta kamfani ce, makullinta kuma yana hannun wata ma'aikaciya a ofishinmu na Gumel, wadda muke kira Hajiyar na'ura. Daga kan kujerarta take rufe wayar mutum ko da yana Sule Tankarkar. Ni kuwa a lokacin ji nake babu mai tsari kamata. Igiyar ma cire ta na yi, wai tana ɓata mini kwalliyar riga.

Wata Alhamis a kasuwar Maigatari na ɗora wayar a kan amalanken wani don in yi alwala. Na idar da salla, na tsaya kallon raƙuman Damagaram, na hau mashin abina. Sai da na kusa Gumel na shafa aljihu na ji wayam.

Da na kai rahoto, Hajiya ta tambaye ni ɓata ta yi ko sace ta aka yi, don kowanne da gurbinsa a takarda. To, ni ne kullum mai yi wa abokan aiki wa'azin kula da kaya. In na ce ɓata, sun samu abin dariya har damina ta wuce. Sai na ce sata ce, har na ƙara gishiri cewa na ji an bangaje ni a cunkoso. Ta jajanta mini, ta danna abin da za ta danna.

Bayan kwana tara wani mai caji a Ɗanzomo ya kira ofis, ya ce an kama wayarmu. Na je ina hura hanci. Na tarar da wani dattijon Bafulatani zaune a gefen rumfar mai cajin, sandarsa a cinya, mutane sun ja baya sun bar shi shi kaɗai. Shi ne mai amalanken. Ya ga wayar a tsakanin buhunan dusa, ya naɗe ta a ƙyalle, ya sa an yi cigiya a masallacin Juma'a sau biyu. Da ba wanda ya zo, sai ya kawo a yi mata caji ko mai ita zai kira. Tana kamawa fuskarta ta yi ja, rubutu ya fito cewa wannan wayar sata ce. Mai caji, da yake Allah ya ba shi murya, ya karanta wa duk wanda ke wurin mai shayi.

Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Dattijon bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi gemunsa ya yi fari ba a taɓa kiransa da wannan suna ba, sai yau da ƙarfe ya kira shi.

Na koma gefe na kira Hajiya da wayar mai caji, na ce an samu, ta buɗe. Ta ce ba haka ake yi ba. Wayar da aka rubuta sata ba ta buɗuwa sai an cike sunan wanda aka same ta a hannunsa, a haɗa da takardar 'yan sanda. In kuwa ɓata ta yi, sai mai rahoton ya janye maganarsa da bakinsa. Mai caji ya matso yana ba ni shawarar mu je wani shago a goge komai a huta. Hajiya ta jiyo shi, ta ce ko an goge, da kullenta za ta tashi.

Na dubi dattijon. Na dawo tsakiyar rumfar, na ƙara sautin wayar yadda kowa zai ji.

"Hajiya, ba a sace ba. Ni na manta ta a kan amalanke."

Sai ta tambaya ko wanda ya bangaje ni ɗin ma amalanken ne. Masu shan shayi suka kwashe da dariya, wasu suka taso suna ba dattijon hannu. Ta sa na karanto lambar da ke bayan wayar, muka jira sabis ya daidaita, jan nan ya ɓace.

Na durƙusa na nemi gafara. Na yi maganar tukuici, ya kawar da kai. Ya miƙa wa mai caji wayar, ya ce ya sake karantawa da muryar ɗazu. Mai caji ya juya ta, ya ce babu rubutu.

"Yanzu me ta ce?" dattijon ya tambaye ni.

"Ba ta ce komai ba, Baffa."

"Madalla. Ai ita ba ta da laifi, ɗana. Abin da aka faɗa mata ta faɗa."

Ya ɗauki sandarsa ya tafi. Ina isa gida na nemo igiyar nan na rataya wayar a wuya.