Malam Dalhatu da Akuyar da Ba Tasa Ba

A Ɗanzomo in ka ce Dalhatu sai an tambaye ka wanne, domin suna da yawa. Amma in ka ce Dalhatu Ya-Danganta, ko amaryar da aka kawo garin jiya za ta nuna maka gidan: ga shi can gaba da fanfon tuƙa-tuƙa, mai darbejiya biyu a ƙofa. Dattijo ne dogo, siriri, mai farin gemu da murya mai daɗin saurare. Shekarunsa sun haura sittin, kuma babu wanda ya taɓa jin ya ce an kayar da shi a gardama.

Ɗan manomi ne, a gonar gero da riɗi ya tashi. Da ya zama saurayi sai ya ga garin ya yi masa kaɗan, ya koma Maigatari yana kora shanu a kasuwa duk ranar Alhamis. Daga baya ya sayi babur, ya shekara goma sha biyar yana ɗaukar mutane tsakanin Sule Tankarkar da ƙauyukan bakin iyaka, har gwiwa ta ce ta gaji. A wannan yawon ya ga mutane iri-iri: Buzaye, mutanen Damagaram, fataken Kudu. Abin da wannan ke ƙyama, wancan shi yake yi wa baƙo tayi. Gaisuwar da wani ke ɗauka ladabi, wani ɓata lokaci ya ɗauke ta. Sai Dalhatu ya dawo gida da ilimi guda, wai ban da salla da azumi, waɗanda ba ya wasa da su, babu abin da yake daidai ko kuskure a tsaye. Komai ya danganta.

Abin da mutanen gari suka lura da shi kuwa daban ne. Lokacin da yake kan babur, in ya wuce wani a hanya, gwaninta ce. In aka wuce shi, rashin tarbiyyar yaran zamani ne. A bakin fanfo, ranar da ya riga kowa zuwa, wanda ya fara zuwa shi zai fara ɗiba. Ranar da ya makara, sai a ji yana tambaya ko girman furfura ya ƙare a ƙasar nan. Da damina, sa'ad da geronsa ke tsaye, duk akuyar da aka saki ɓarauniya ce, mai ita kuma ya fi ta laifi. Da rani, in awakinsa suka faɗa lambun wani, sai ya je ya duba shingen, ya girgiza kai.

"Wannan ai ba shinge ba ne," zai ce. "Gayyata ce. Dabba ba ta da hankali, kai mai hankalin me ya hana ka sa ƙaya?"

Kuma ba ƙarya yake shiryawa ba. Duk maganar da ya faɗa, har zuciyarsa ya yarda da ita a ranar.

Matarsa Kande, wadda suka shekara talatin da takwas tare, ita kaɗai ke faɗa masa a fuska. Wata rana tana tankaɗe ta ce, "Malam, ni fa na gano abin da al'amuran nan suke danganta da shi."

"Da me?"

"Da kai."

Ya ce, "Ke ba ki yi yawo ba, shi ya sa."

Ta ce, "Haka ne. Ina nan zaune ina kallon wanda ya yi."

Bara, wajen ƙarshen damina, 'yarsu Muhsina ta haihu a Gagarawa, suka je suna. A hanyar dawowa, tun ba su kai Gumel ba, motar hayar ta yi tari biyu ta tsaya a gefen wani ɗan ƙauye. Direba ya buɗe gaba, ya leƙa, ya ce fanbel ne ya tsinke. Ya tare babur ya tafi nemowa, fasinjoji suka koma gindin wata tsamiya da ke bakin hanya.

Ashe a gindin tsamiyar rigima ake. Wata mata mai suna Laure ta kama akuyar maƙwabcinta Bilya a cikin gonar wakenta, ta ɗaure ta, ta rantse ba za ta sake ta ba sai an bi mata haƙƙinta. Mai unguwa yana zaune ya dafe kai, domin Bilya ɗan ƙanwarsa ne, Laure kuma matar ƙaninsa ce. Duk inda ya karkata, akwai gidan da ba zai ƙara shan fura ba. Yana ɗaga ido ya ga farin gemu ya sauko daga mota, sai fuskarsa ta washe.

"Alhamdu lillahi! Ga baƙo, ga dattijo, ba shi da kowa a garin nan. Baba, don Allah zauna ka raba mana."

Malam Dalhatu bai jira an roƙe shi sau biyu ba. Aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo ruwan randa, ya gyara zaman hularsa. Kande ta samu saiwar tsamiya ta zauna, ta ɗora ƙullin kayan suna a cinya.

Laure ta fara. Ta ce wannan ne karo na uku, kuma waken ya fara fure. Bilya ya ce shingenta ko kaza ba zai tare ba, kuma dabba ba ta da hankali, mai hankalin ne ya kamata ya sa ƙaya. A nan Kande ta yi wani ɗan tari. Malam bai waiwaya ba.

Da suka gama, kowa ya juyo yana kallon baƙo. Malam Dalhatu ya shafa gemu, ya buɗe baki, sai ya ji babu komai a ciki. Abin bai taɓa faruwa da shi ba. Kullum kafin mai magana ya rufe baki, amsa ta riga ta zo masa da ƙafarta. Yau ya laluba ko'ina, shiru. Ya tuna yana da awaki a gida, sai ya ji Bilya na da gaskiya. Ya tuna shi ma wakensa na fure, sai gaskiyar ta koma wajen Laure.

"Kai Bilya," ya ce, "kana da dangi a Ɗanzomo?"

"Babu, Baba. Ban ma taɓa zuwa ba."

"Ke fa, Laure? Maigidanki ba ya harka a Maigatari?"

"Maƙeri ne, Baba. Ba ya zuwa ko'ina."

Ya sake shan ruwa, alhali ba ya jin ƙishi. Can ya yi gyaran murya ya ce, "To, ai wannan magana ta danganta."

Laure ta ce, "Da me, Baba?"

Shekara da shekaru yana faɗin kalmar nan, ba a cika tsare shi da tambayar ba, in ma an yi, yana da abin cewa. Yau sai zufa ta karyo masa ta ƙarƙashin hula. Kande ta ja mayafi ta rufe baki, tana danne dariya. Da ta ga abin zai zama abin kunya a gaban mutane, sai ta saita murya ta ce, "Malam, ko za a je a ga wurin tukuna?"

"Abin da nake shirin cewa ke nan," in ji shi, ya miƙe da sauri.

Gonar ba nisa, a bayan gidan Laure take. Ɓarnar kuwa ta gaske ce: kunya kusan goma an kwashe ganye da fure, sai kara a tsaye. Shingen ma ba laifi gare shi, ƙaya ce sosai, sai dai wuri guda da aka ture. Malam ya duƙa ya ɗauki wani reshen wake da aka tattake, ya juya shi a hannu. Ya san yawan duƙawar da mutum ke yi kafin wake ya kai haka.

Sai kuma ya ji kuka. A tsakar gidan, a turke, ga akuyar a tsakiyar rana, igiya ta gajarta har ba ta iya kwanciya. Bakinta ya bushe, hantsarta ta cika ta yi tauri. Ta ƙetaren katanga kuma 'ya'yanta biyu na amsa mata da 'yar muryar da ta fara dishewa.

"Tun yaushe take nan?"

"Tun jiya da hantsi," in ji Laure.

"Kin ba ta ruwa?"

"Ai ta ƙoshi da wakena."

Malam Dalhatu ya ji wani abu ya taso masa wanda bai shirya ba. Akuyar ba tasa ba, bai san mai ita ba, ba zai ƙara ganinta ba, amma ransa ya ɓaci sosai.

"A kawo ruwa yanzu!" ya ce, da muryar da ta sa har mai unguwa ya zabura. "Ko gonar duka ta cinye, ba a hana dabba ruwa. Wannan ko a nan, ko a Damagaram, ko a ina ne, ba daidai ba ne."

Laure da kanta ta ɗauko kwano, kanta a ƙasa. Akuyar ta shanye, aka ƙara. Bilya ya fara murmushin wanda ya ci shari'a, sai Malam ya juyo kansa.

"Kai kuma rufe bakinka. Sau uku dabbarka na shiga gonar mutane kana zaune kana zargin shinge? Ka san amfani na tsaye, me ya hana ka ɗaure ta? Gobe ka saro ƙaya ka toshe wurin nan da hannunka. In an yi girbi ka kai mata taki kura uku. Ke kuma kwance ta ta je ta shayar da 'ya'yanta, ki haɗa mata da dusa kwano guda, domin ita ma an zalunce ta."

Aka fashe da dariya. Laure ta ce yau ta ga ikon Allah, an ci mata wake kuma an sa ta ciyar da ɓarauniya. Bilya ya yi gunagunin kura uku ta yi yawa. Amma duka biyun suka amsa, mai unguwa ya yi ta sa albarka kamar an sauke masa dutse daga ka.

A mota, bayan direba ya ɗaura sabon fanbel, Kande ta matso ta ce a hankali, "Malam, wancan hukuncin, har Ɗanzomo yake aiki, ko iyakarsa nan?"

Ya ce, "Zafi ake yi, ki bar ni in huta."

Bai zama wani mutum daban ba. Har yau in ya makara a fanfo, yana tuna wa mutane girman furfura. Sai dai a shekarar, tun daga ranar har aka gama girbi, awakinsa a ɗaure suke, a inuwa, da ruwa a gabansu. Da maƙwabta suka yi mamaki, ya ce ɓarayin dabbobi ne suka yi yawa.

Wata guda bayan shari'ar, direban nan ya tsaya a ƙofar gidan Malam ya sauke kaza ja, ƙafafu a ɗaure, wai saƙo ne daga Laure, ta gode. Kande ta ɗauko wuƙa ta miƙa masa, Malam ya ce a'a. Mutumin da ya raba shari'a bai kamata ya ci kyautar ɗaya daga cikin masu shari'ar ba. Ta ce to a mayar. Ya ce mayar da kyauta wulaƙanci ne. Kwana uku yana juya maganar, kaza na kiwo a tsakar gida, har ta saba da wurin ta samu akurki.

Tana nan har yanzu, ta yi ƙiba, kuma ya hana kowa taɓa ta. Ƙwan da take yi ne kawai ake soya masa da safe, domin a cewarsa, da hatsinsa ta yi su, a gidansa, Laure ba ta san da su ba.