Yaya Halima: Muryarki Tana Cikin Lasifika, Ke Kina Kabari

Ranar Asabar, 14 ga Satumba, 2024, bayan sallar La'asar, Allah ya karɓi ran yayata, Halima Sodangi, a kan hanyar Bodinga zuwa Sakkwato, kanta a kan cinyata. Na Allah muke, gare shi kuma za mu koma.

Yaya, duk wanda ya san layin teloli na kasuwar Bodinga ya san ki. Mata da yawa a Danchadi da Dandin Mahe suna ciyar da 'ya'yansu yau da keken ɗinkin da kika koya musu. Idan amarya ta kawo atamfa ɗaya tana jin kunya, sai ki fitar mata da riga da zane da ɗankwali, ki ƙara da leshi daga ragowar kayanki, ki ce ai dama a ajiye yake. Da ƙanenmu Mustapha ya rasu, ke kika ɗauki ɗansa Haliru, kika raine shi har ya yi gemu.

Kin daɗe kina fama da asma. Kina kuma fama da ƙwannafi, amma shi ba mu ɗauke shi ciwo ba. Sai da wata likita a Sakkwato ta zaunar da mu ta yi bayani: ruwan tsamin ciki ne yake hawowa ta bututun abinci, ya ƙona maƙogwaro, ya tsokano hanyoyin numfashi, sai asmar ta tashi, tari da shessheƙar asmar kuma su ƙara turo tsamin sama. Ta ba ki maganin ƙwannafi da abin shaƙa, ta ce ki rage yaji da maiƙo, ki ci tuwo da wuri, ki ɗaga kan gadonki. Kika sa aka tokare gadon da bulo, kina dariya wai kin zama sarauniya. Kin samu sauƙi, Yaya. Na ga kin taka daga gida zuwa kasuwa ba ki tsaya hutawa ba.

Sai Haliru ya buɗe rumfar magani a Shagari, ya fara haɗa jiƙo a jarka. Ya zo ya durƙusa gabanki ya ce, "Gwaggo, wanga abin shaƙa sabo kawai yaka sawa. Ki aje shi, ki gwada nawa, sai kin manta kin taɓa ciwo." Na hana ki. Kika ce mini, "Zahra'u, ɗan da na goya ba ya cuta ta." Ya kwashe magungunan asibitin ya tafi da su, wai kada su ɓata aikin nasa. Jiƙon kuwa tsamiya ce da citta da barkono. Kina kurɓa kina dafe ƙirji, shi yana cewa ciwon ne yake fita.

Ranar da numfashin ya sarƙe, na birkita ɗakinki ina neman abin shaƙar, babu. Na kira Haliru, ya ce yana da mutane a rumfa, in ƙara miki kofi ɗaya na jiƙon. Muka ɗauke ki zuwa asibiti a Sakkwato, ba mu kai ba.

Ya zo jana'iza, ya yi kuka, mutane suna ba shi haƙuri. Bayan addu'ar bakwai na bi ta kasuwar Shagari, sai na ji muryarki. Ashe ya naɗe ki a waya tun makon farko, ya sa a lasifika: "Ni Halima tela daga Bodinga, na sha maganin ɗana, na warke." Mata sun yi layi da robobi. Na tsaya a gabansa na ce ya kashe. Ya rage ƙarar kawai, ya ce, "Gwaggo, kwana ne ya ƙare."

Na san kwana ne ya ƙare. Amma amana ma Allah zai tambaya. Na juya na gaya wa matan cewa mai wannan murya ni na yi mata wanka. Wasu sun watse, wasu sun tsaya.

Allah ya jiƙan ki, Yaya, ya yalwata kabarinki, ya sa wahalar da kika sha ta zama kaffara. Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanki, Mufida da Nana Fatima, da dukkan matan da kika koya wa ɗinki. Na san da kina nan da kin ce in yafe wa Haliru. Ina roƙon Allah ya ba ni ikon yin haka, don har yau ban iya ba.