Bari-Ya-Sha, Bakaniken da Ba Ya Sare Noti

Shagon ɗinkina a jingine yake da rumfarsa, shi ya sa na san safiyarsa kamar tawa. Kafin in buɗe ƙofa ya riga ya share gaban rumfar, ya yayyafa ruwa, ya shimfiɗa tsohon buhu ya jera sifanu a kai, daga ƙarami zuwa babba. Sai ya haɗa baƙin mai da kananzir a gwangwanin madara, ya motsa da tsinke, ya zauna a kan wata tsohuwar taya yana jiran wanda Allah zai kawo. Gudumarsa tana rataye can a bayan rumfa, ƙura ta fi hannunsa taɓa ta.

Masu haya da babur ne suka laƙaba masa Bari-Ya-Sha. Duk notin da ya cije, ba ya kokawa da shi. Zai ɗiga masa mai daga gwangwanin nan, ya ce, "Bari ya sha," ya koma wani aikin. Masu gaggawa ba sa ƙaunar wannan hali. Na sha jin suna masifa cewa notin ya sha har ya ƙoshi, su kuwa ko ruwa ba su kai bakinsu ba. Shi dai murmushi kawai yake yi. Amma ku tambayi duk wanda ya daɗe a layin nan, ba wanda ya taɓa ganin ya ɗora kurfi a kan noti ya sare shi.

Aikinsa da ba na mantawa shi ne na wani dattijo da muke kira Mai Lambu. Tun da matarsa ta rasu, lambunsa na bayan gari ne abin da ke fito da shi daga ɗaki. Babur ɗin da yake zuwa da shi tsoho ne, irin wanda kayan gyaransa suka ɓace a kasuwa. 'Ya'yansa sun riga sun yanke shawara: ranar da ya yi lalacewar da babu kayanta, za a sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe, Baba ya zauna a gida ya huta. Ba mugunta ba ce, tsoro suke ji masa. Shi kuwa ya san abin da zaman gida zai yi masa.

Rannan tayar baya ta fashe, fashewar da dole sai an cire ta. Mai faci ya ɗora sifana a kan notin da ke riƙe da sandar tayar, ya ja, ya taka, har ya hau da ƙafa biyu. Noti ko gezau, sai ma gefunansa da suka cinye suka zama sumul. Mai walda ya leƙo ya ce wuta ce kawai maganinsa, amma kowa ya san in aka yanke notin da wuta, haƙoran sandar sun tafi ke nan, kuma irin wannan sanda ba a samunta. Haka Mai Lambu ya turo babur ɗin har rumfa, babban ɗansa na biye da shi.

"Baba," in ji ɗan, yana gaida Bari-Ya-Sha, "ka faɗa masa gaskiya, ko ya ji taka. Babur ɗin nan ya gama."

"Ni ban ji ya ce ya gama ba," in ji Bari-Ya-Sha. "Miƙo min burushin nan na waya."

Mai Lambu ya koma gefe. Ya zauna a bencina ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar dattijo kamar na ranar ba, kuma ya ba ni tausayi ƙwarai.

Bari-Ya-Sha ya tsuguna ya goge laka da tsatsa, ya shafa da ɗan yatsa, sai ya kira mai faci. "Fil ɗin da ke kulle notin nan fa, ka cire shi?"

"Tun farko na fizge shi da filaya."

"Kansa ka fizge, ɗana. Gangar jikinsa na ciki."

Ashe fil ɗin ya ruɓe ne ya karye, guntunsa ya maƙale a rami, laka ta rufe. Duk hawan da aka yi ta yi wa sifana, da wannan ɗan guntun ake dambe. Bari-Ya-Sha ya sa siririyar ƙusa ya ƙwanƙwasa da bayan sifana har ya faɗo. Sannan ya ɗiga mai, muka haɗa baki muka riga shi faɗa: "Bari ya sha."

Notin ya sha har rana ta karkata. Kafin nan ya goge gefensa biyu da magagari suka koma miƙe, yadda ƙaramin sifana zai kama. Ya sauke babur ɗin taya ta taɓa ƙasa, ya ce Mai Lambu ya taka birki, ni kuma ya ba ni sifana in riƙe kan sandar ta ɗaya gefen. Tela da riƙon sifana, amma na riƙe. Sai na ga ya ja ta wajen ɗaurewa.

"Baba, ai ƙara ɗaure shi kake yi," in ji ɗan.

"Kaɗan ne. Tsatsa nake so ta saki tukuna."

Muka ji ƙas. Ya juya hannu ya ja ta wajen kwancewa, a hankali, ba fizga. Notin ya motsa. Ƙarshensa da yatsu ya ƙarasa warware shi, haƙoran sandar lafiya lau. Mai Lambu ya mayar da hularsa. Ɗan ya daɗe yana kallon mahaifinsa, sannan ya ce, "Shi ke nan, Baba. Amma ka riƙa dawowa da sauran rana."

Kai ne ka yi wannan, Bari-Ya-Sha, mai lallashin ƙarfe. Kai ne ka duba kafin ka ja, ka jira lokacin da kowa ke cewa a yanke a huta. Ba ka taɓa tozarta wanda ya gwada ya kasa ba. Mai facin nan har yau yana duba ramin fil kafin ya ɗora sifana, kuma ba ya ɓoye wanda ya koya masa.

Yanzu kafaɗar Bari-Ya-Sha ta ƙi, ido ya rage, 'ya'yansa sun ce ya isa haka. An rufe rumfar. Gaskiya na ji masa tsoro, don mutumin da ya saba fitowa da sassafe ba ya jure zaman ƙofar gida. Da na je duba shi da safe, na tarar da shi zaune a kan tabarma, hannuwansa a kan cinya kamar baƙi. Muna cikin gaisawa sai ga ƙarar tsohon babur ɗin nan.

"Tashi ka hau, malam," in ji Mai Lambu. "Injin ban-ruwana yana da noti mai taurin kai. Ka hana a zaunar da ni, ni ma ba zan bari a zaunar da kai ba."

Mun gode, Bari-Ya-Sha. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ƙara lafiya. Ku kuma masu sana'a, da mu duka, in abu ya cije mana, mu duba tukuna, mu ba shi lokaci, kada mu fara da guduma. Wanda ke son ganin amfanin haka ya tsaya a bakin hanya da safe. Zai ga dattawa biyu a kan babur ɗaya sun nufi lambu, na bayan rungume da gwangwanin madara.