Filas ɗin da ya wuni a jakar Inna

Ni mutum ne mai mantuwa, har lambar sirrin wayata na taɓa mantawa. Amma ranar da na kai Baba aikin ido Kano, wannan kam ko na tsufa na rikice ba na jin za ta fita daga kaina. Shekaru sun ɗan ja, amma duk sanda na bi hanyar nan tsakanin Gaya da Shuwarin sai na rage gudu na kalli wata bishiyar tsamiya a gefen titi.

Bari in fara da yadda muke a gida, don in ba haka ba labarin ba zai shiga ba. Ni ne ɗan fari. Wanda ya tashi a irin gidajenmu na wajen Kiyawa ya san me wannan ke nufi. Inna ba ta kiran sunana, ba ta yi min magana kai tsaye, ba ta miƙo min abu hannu da hannu. In na je gaishe ta na durƙusa, amsar tana zuwa ne tana kallon murhu ko tana tsince shinkafa. In tana son in ci abinci, sai ta ce wa ƙanwata, "A ce da wancan tuwo na hucewa." Ina zaune a wajen fa, kunnena biyu. Baba shi ya ɗan sassauta, yana hira da ni, amma shi ma sunan ba ya faɗa, "mutumin Dutse" yake ce min. Ban taɓa jin haushi ba, haka na buɗe ido na gani. Kawai dai ban san yadda sunana yake fita a bakin mahaifiyata ba.

A lokacin ina aiki a wani shagon buga katin biki da fosta a Dutse. Aikin ba shi da lokaci, sanda aka kawo wuta shi ne lokacin. A nan na koyi shan lemon gwangwanin nan na ƙara kuzari. Da farko ɗaya, daga baya na daina ƙirgawa. Sai ƙirjina ya fara bugawa kamar ana daka a ciki, hannuna yana rawa in na riƙe waya. Na je asibiti, likita ta yi min tambayoyi, ta ce in ina son zuciyata in rabu da gwangwanin nan. Shayi ta ce ba laifi, amma da hankali. Na daina. Ƙirji ya lafa, sai dai jikina ya koma kamar tsumma, da azahar ta yi sai hamma. Ƙanwata kaɗai na gaya wa, ita ma a hira ce ta waya.

Ana cikin haka aka sa wa Baba ranar aiki. Yanar ido ce ta rufe masa idanu, ɗayan ya riga ya tafi kusan gaba ɗaya, ɗayan ne za a fara yi. Ni ne mai mota a gidan, wata tsohuwar ƙaramar mota da na saya hannu na uku, don haka ba a ma tattauna wa zai kai shi ba. Ƙanwata ce ya kamata ta raka mu, sai jarrabawa ta faɗo mata a ranar. Inna ta ce ita za ta je. Ban kawo komai a raina ba a lokacin, ban lura cewa mun bar mai isar da saƙo a gida ba.

Na taso daga Dutse bayan asuba na ɗauke su. Inna ta shiga baya da wata babbar jaka ta rungume a cinya, Baba a gefenta da carbi. Tunda muka tashi bai ce uffan ba sai salati. Mutumin da in ya fara labarin gona sai ka roƙe shi ya tsaya, ranar tsoro ya ɗaure masa baki.

A asibiti muka wuni. Layi, gwaji, jira, a kira wannan a kira wancan. Bazara ce, zafin Kano kuma kun san shi. Ni ne hawa bene, ni ne sayo magani, ni ne neman canjin wuri in rana ta cimma Inna a benci. Da aka fito da Baba an rufe idon da auduga da filasta, ɗayan kuma dama ba ya gani, sai ya zama a hannu na riƙo shi har mota kamar yaro. Aka ce a kai shi gida ya kwanta, kada ya sunkuya, kada a bari ƙura ko jijjiga ta dame shi. Shi kuma abu ɗaya yake maimaitawa, a kai shi ɗakinsa kafin magariba.

Muna fita na ji Inna ta yi masa magana ƙasa-ƙasa, ya ce "to, to", ya jingina kai. Ban ji me ta ce ba.

Har Wudil lafiya lau nake, cunkoso da hon ɗin masu mota sun riƙe ni. Bayan mun wuce Gaya ne hanya ta miƙe, motoci suka ragu. Na kashe rediyo saboda Baba ya ce kansa na sarawa. Gilashi a rufe saboda idonsa, na'urar sanyin motar kuma iska mai ɗumi kawai take hurowa. Shiru, sai ƙarar taya a kwalta. Nan barci ya fara zuwa, ba da sallama ba. Na mintsini cinyata. Na ciji leɓe. Na karanta duk abin da na haddace. Na ce a raina Shuwarin ta kusa, daga can Kiyawa ba nisa, in daure. Kuma gaskiya, da wane baki zan ce wa mutumin da aka yanka wa ido ɗazu wai ni na gaji? A gabansu ma ko hamma ina jin nauyin yi.

Abin da na sani shi ne ina kallon wata babbar mota can nesa tana tahowa, ɗauke da buhuna. Abu na gaba da na ji shi ne sunana.

Sunana na yanka, cikakke, da wata murya da ban taɓa ji da ƙarfi haka ba. Na buɗe ido na gan mu a hannun da ba namu ba, babbar motar nan ta cika gilashin gaba tana danna hon tana wasa da fitila. Ban san yadda na murɗe sitiyari ba. Iskarta ta girgiza mu ta wuce. Na gangara gefen titi, na taka birki a hankali saboda Baba, muka tsaya a ƙarƙashin tsamiyar nan.

Baba ya ɗago yana lalube, yana tambayar me ya faru, taya ce? Na kalli madubi, Inna ta kawar da kai tana kallon gonaki.

Sai ta ce, "Malam, ina saƙon da na ba ka tun da asuba?"

Baba ya dafe goshi ya yi salati. Ya ce, "Mutumin Dutse, laifina ne. Ta ce in gaya maka akwai abin sha a jakarta, naka ne, na hanya. Da muka fito ma ta tuna min. To wanda za a sa wa wuƙa a ido, ina ya ga ta saƙo?"

Ashe filas ne a jakar nan da ta wuni tana runguma. Tun safe yana cinyarta, ina gabanta, tazarar hannu ɗaya, amma babu wanda zai miƙa. Ko a lokacin ma ba ta ba ni ba. Ta zuge jaka ta fito da shi, ta ɗora a hannun Baba, shi da ba ya gani ya miƙo shi wajen da yake jin numfashina.

Na buɗe. Sanyi ya fara bugun fuskata, don ta sa ƙanƙara, sai ƙanshin citta da kanumfari. Na zuba a murfin na kurɓa. Shayi ne, amma ba irin na mai shayi ba. Akwai tsamin lemo, akwai zuma can ƙasa, sai wani ɗan ɗaci da ya tsaya a maƙogwaro wanda na gane daga baya goro ne. Ni da nake tsokanar masu cin goro ina cewa abin tsofaffi ne. Na shanye murfi ɗaya, na ƙara rabi, na kai hannu zan tayar da mota.

Inna ta buɗe ƙofa ta fita. Ta ciro dardumarta ta shimfiɗa a gindin tsamiyar, ta dawo ta zauna kusa da Baba, ta ɗauko mafici ta fara yi masa fifita. Ta ce, tana kallon maficin, "Ba a cin bashin barci. A kwanta tukuna, abin zai kama jiki kafin a tashi."

Baba ya fara cewa magariba fa, ta ce masa magaribar ta same mu a hanya ya fi ta same mu a wani wurin.

Na kwanta. Ina jin motoci na wucewa, ina jin wasu awaki, daga nan ban ƙara sanin komai ba. Ba wani dogon barci ba ne, inuwar ma ba ta matsa sosai ba. Amma da na farka kaina ya washe tas, kamar an goge gilashi. Ba irin tashin da gwangwani yake yi min ba, wanda ido zai buɗe ƙirji na dukan tara-tara. Wannan a hankali ya zo ya zauna. Na wanke fuska da ruwan buta, muka yi la'asar a wajen, Baba a zaune yana nuni, muka kama hanya.

Mun ɗan yi tafiya sai na ji Baba yana dariya shi kaɗai. Ya ce, "Ikon Allah. An rufe min ido, kunne ya buɗe. Ashe dai kin san sunan."

Inna ta ce, "Allurar da suka yi maka ce ba ta sake ka ba."

Ya ce shi dai ya ji abin da ya ji, kuma yana da shaida a gaba. Ta ce shaidar da ke barci? Na dage ina kallon titi, ina danne dariya, idona kuma yana kawo ruwa. Daga nan har gida Baba bai yi shiru ba, ya dawo da labarin gonarsa, kuma na san da gangan yake yi don kada a sake barina da shiru. Muna shiga unguwa ana kiran sallar magariba.

Ƙanwata ce ta ƙarasa min labarin da na je duba Baba bayan an cire audugar. Ta ce tun ranar da ta gaya wa Inna maganar ƙirjina da barcin da nake fama da shi, Inna ta riƙe abin a ranta, da aka sa ranar tafiya sai ta fara haɗe-haɗe a madafi. Ita ƙanwar tawa ce abin gwaji. Na farko goro ya yi yawa, ta ce ɗaci kamar maɗaci, kuma ranar ta yi karatun jarrabawar da ba ta yi niyya ba don ido ya ƙi rufuwa. Na biyu citta ta ƙona mata harshe. Haka Inna ta yi ta ragewa tana ƙarawa har ta samu wanda ya zauna. Ta ce har tambaya Inna ta aika a yi wa wata ma'aikaciyar asibiti a unguwar, ko goro kaɗan zai taɓa mai irin ciwona.

Na ce ina son sanin yadda ake haɗa shi. Ƙanwata ta kai wa Inna waya ta danna ɗaukar murya, saƙon yana nan a wayata har yau, na adana shi a wuri uku. Ba gaisuwa, ba suna. "A tafasa ruwa da citta ɗanya da kanumfari kaɗan. A sauke sannan a zuba ganyen shayi, kada a dafa shi, yana ɗaci. Farin goro ɓari ɗaya, a goga, a jiƙa daban, a tace. In ya huce a matsa lemon tsami, zuma cokali, gishiri ɗan taɓawa. Kofi ɗaya ya isa. Kada a sha da yamma. In barci ya zo da gaske a tsaya a kwanta, wannan ba ya hana shi, rakiya kawai yake yi." Sai ƙarar murfin tukunya, saƙon ya ƙare.

Na nuna wa likitata, ta ce in tsaya a kofi ɗayan kamar yadda aka ce. Shi nake yi har yanzu duk sanda tafiya ta kama ni, Haɗeja ko Kano ko Bauci. Abokaina suna ce min mai filas, amma su ne masu miƙo murfi. Na kuma koyi cewa "na gaji, bari in tsaya" ko wa ke cikin motar. Baba yana gani yanzu, har shi ke gaya min motata na son wanki.

Inna kuwa ta koma yadda take. Ko a makon da ya wuce da na je, cewa ta yi a tambayi wancan ko zai kwana. Ban sake jin sunana a bakinta ba, kuma ba na nema. Abin da ranar ta koya min shi ne, ba duk mai ƙaunarka ne zai iya miƙo maka abu da hannunsa ba, wani sai dai ya wuni yana rungume da shi a bayanka yana kallon ƙeyarka. Sau ɗaya ta kira ni a rayuwata, kuma a kan wannan kiran nake raye. Allah Ya saka mata da Aljanna.