Ƙuri'ar da Mahaifinsa Ya Ƙi Jefawa

Ina tura wani dattijo ɗan Maroko a keken marasa ƙarfi bayan ɗawafi, sai wata tsohuwar takarda ruwan ɗorawa ta faɗo daga jakarsa. Na zaci laya ce, na miƙa masa da hannu biyu.

Ya yi dariya. "Ƙuri'a ce, ɗana."

Ya ce a zaɓen majalisarsu na da, kafin a koma takarda ɗaya mai alamomi, kowace jam'iyya da launin takardarta. Ka jefa guda, ka fito da sauran. Mai gonar da mahaifinsa ke yi wa aiki kan tsaya a ƙofa yana duba hannun ma'aikatansa, don ya tabbatar launin jam'iyyarsa suka jefa.

Na ce, "Ita wannan fa, Baba?"

"Ta mai gonar ce. Mahaifina ya fito da ita, ya nuna masa. A ranar aka kore mu daga gonar."

Na ci gaba da tura shi har masaukinsa. Ni tawa ƙuri'ar, a Kano, a kan taliya na bayar da ita.

Ku fa, me kuka taɓa rasawa saboda taku?